Koyar da tarihin 'yan Latino a makarantun Amurka: mu iyaye Hausawa mu sa hannu ko mu ja gefe?

Maman Hafsat, Bronx

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da malamai, musamman waɗanda 'ya'yansu ke karatu a makarantun gwamnati a Amurka. A makarantar da 'ya'yana biyu suke a nan Bronx ta birnin Niyu Yok, kamar yawancin makarantun ƙasar nan, ana keɓe wata guda, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, domin tunawa da tarihi da al'adun mutanen da asalinsu ya fito daga Latin Amurka da sauran ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, waɗanda ake kira 'yan Latino ko 'yan Hisfanik. A cikin watan ana liƙa tutocin ƙasashe a bangon aji, yara su kawo abincin gidajensu, a yi kiɗa da rawa a ranar rufewa, daga nan kuma ba a sake tayar da maganar sai baɗi.

Bana sai wasu iyaye 'yan asalin Puerto Rico da Jamhuriyar Dominikan da Meksiko suka rubuta takarda zuwa ga ƙungiyar iyaye da malamai, suna cewa wannan biki na wata guda bai wadatar ba. Abin da suke nema shi ne a shigar da tarihin mutanensu cikin darasin tarihi da na adabi tun daga farkon shekara har ƙarshenta, a sayo littattafan da suka dace a zuba a laburare, kuma a tura malamai su sami horo a kan yadda za su koyar da shi. Sun roƙi mu iyaye 'yan Afirka ta Yamma mu sa hannu tare da su, tun da mu ma muna da yara da dama a makarantar, kuma maƙwabciyata wadda ke kula mini da yara idan aiki ya riƙe ni ita ce ta kawo mini takardar har ɗaki.

Zuciyata ta rabu biyu. Ina jin nauyin wannan baiwar Allah, kuma na san yawancin abokan 'ya'yana 'ya'yansu ne. Amma ina tunanin lokacin karatu ƙayyadadde ne, yarona yana fama da lissafi, sannan babu wanda ya taɓa koya musu ko jimla ɗaya game da Kano ko Damagaram a wannan makaranta. Na kuma ji ana cewa irin wannan darasi ya jawo rigimar siyasa, har da shari'a, a wasu jihohi. Don Allah wanda ya san yadda abin yake ya yi mini bayani: mene ne ainihin abin da ake koyarwa, yana da amfani ga yaron da ba ɗan Latino ba, kuma ya dace in sa hannu?

Malamin Tarihi, Houston

Wa alaikumus salam, Maman Hafsat. Ni malamin tarihi ne a wata ƙaramar sakandare a jihar Teksas, kuma shawarata ita ce ki sa hannu. Bari in kawo dalili, don kada ya zama kunyar maƙwabciya ce kawai ta sa ki.

Mutane da yawa suna zaton wannan tarihin baƙi ne da ake son cusawa cikin manhajar Amurka, alhali ya riga ita kanta ƙasar zuwa. Sifaniyawa sun kafa garin St. Augustine na jihar Filorida a 1565, shekara 42 kafin Turawan Ingila su sauka a Jamestown a 1607, kuma garin Santa Fe yana nan tun 1610. Wannan jiha da nake zaune a cikinta yankin Meksiko ce har 1836. Bayan yaƙin da aka gwabza tsakanin ƙasashen biyu, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta raba Meksiko da kusan rabin ƙasarta, wato inda yanzu ake kira Kalifoniya da Nevada da Utah da yawancin Arizona da Niyu Meksiko, dubban iyalai suka wayi gari a cikin Amurka ba tare da sun ɗaga ƙafa daga ƙofar gidajensu ba. Su kuwa maƙwabtanki 'yan Puerto Rico, Amurka ce ta karɓe tsibirinsu daga hannun Sifaniya a 1898, ta mai da su 'yan ƙasa a 1917. Yaron da ya gama makaranta bai san waɗannan abubuwa ba bai san tarihin ƙasar da zai kaɗa ƙuri'a a cikinta ba, ko ɗan waye shi.

Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na jama'ar Amurka. A makarantun gwamnati sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai, a Teksas da Kalifoniya kuma sun wuce rabi. Duk da haka, lokacin da masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins da ƙungiyar 'yan Latino ta UnidosUS suka duba littattafan tarihin da ake amfani da su a manyan sakandare, rahotonsu na 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na muhimman batutuwan tarihin 'yan Latino ko dai babu su kwata-kwata, ko kuwa an taɓa su da jimla biyar ko ƙasa da haka. Wannan giɓi ne iyayen makarantarku suke kuka da shi, kuma tuta da abinci ba za su cike shi ba.

Ga misalin abin da ake koyarwa idan an yi darasin da gaske. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani manomi ɗan asalin Meksiko mai suna Gonzalo Mendez da matarsa Felicitas, 'yar Puerto Rico, sun koma garin Westminster na Kalifoniya, suka karɓi hayar gonar wasu iyali 'yan asalin Japan waɗanda gwamnati ta kwashe ta tsare a sansani. Goggon yaran ta ɗebi 'ya'yanta da 'ya'yan ɗan'uwanta ta kai su makarantar unguwa. Aka dubi nata, masu hasken fata da sunan mahaifi irin na Turawa, aka ce an karɓe su, aka dubi Sylvia Mendez da 'yan'uwanta maza aka ce su tafi makarantar 'yan Meksiko. Matar ta ce in ba a ɗauki 'ya'yan ɗan'uwanta ba, nata ma ba za su shiga ba, ta kwashe su duka ta koma gida. A 1945 iyalai biyar suka shigar da ƙara, alƙalin tarayya ya ba su gaskiya a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 1947, bayan wata biyu kuma gwamna Earl Warren ya sa hannu a dokar da ta soke wariya a makarantun jihar. Shi wannan Earl Warren ne ya zama Babban Jojin Amurka da ya jagoranci hukuncin Brown na 1954, wanda ya haramta raba yara baƙaƙe da farare a makarantun ƙasar baki ɗaya, kuma lauyan da ya yi nasara a wannan shari'a, Thurgood Marshall, ƙungiyarsa ta riga ta miƙa wa kotu takardar goyon bayan iyalan Mendez. Idan na koyar da wannan a aji, yara baƙaƙen fata ne suka fi yawan tambaya, domin suna ganin yadda labarin ya zagayo ya shafe su.

Akwai kuma abin da ya faru a makarantar Blackwell ta garin Marfa a nan Teksas a 1954. Malamai suka sa kowane yaro ya rubuta a 'yar takarda cewa ba zai ƙara yin Sifaniyanci a makaranta ba, aka tara takardun a ɗan akwati, aka haƙa rami a gindin sandar tuta aka binne shi kamar ana jana'iza, yaran suna tsaye suna kallo. Duk wanda ya yi makaranta a gida a zamanin da ake rubuta sunan masu yin banakula a ci su tara ko a yi musu bulala ya san zafin wannan. Yanzu ginin makarantar yana cikin wuraren tarihi na ƙasa da gwamnatin tarayya ke kula da su.

Game da lokacin karatu kuwa, ki karanta takardar da kyau. In dai abin da suke nema shi ne a gyara abin da ke cikin darasin tarihi da na adabi, to sa'o'in lissafi suna nan yadda suke.

Baba na Zango, Bronx

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara sani, bayaninka ya gamsar ta fuskar tarihi, kuma ni ba ni da wata jayayya da mutanen nan. Tun zuwana daga Kumasi a cikinsu nake zaune, a shagunansu nake sayayya, kuma lokacin da maiɗakina ta kwanta rashin lafiya su ne suka fara buga mana ƙofa. Mutane ne masu zumunci da girmama tsofaffi kamar mu. Amma 'yata Maman Hafsat, ina son ki tsaya ki yi tunani kafin ki sa hannu, domin akwai abin da Malam bai taɓo ba.

Su harshensu yana da gidajen talabijin da rediyo, yana rubuce a motar haya da asibiti da takardar zaɓe, jikokina ma sun tsinci gaisuwarsu a titi ba tare da wani ya zaunar da su ba. Namu fa? Ka yi wa yaro magana da Hausa ya mayar maka da Turanci, idan aka kira gida kaka tana son jin muryarsa sai ya yi tsaye da waya a hannu ya rasa abin cewa bayan ina kwana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina tsoron mu ƙarar da ɗan ƙarfin da muke da shi wajen gina na wasu, namu yana zubewa muna kallo.

Abu na biyu ya fi damuna. Wata rana a farkon Nuwamba jikata ta dawo daga makaranta tana neman hoton kakarta da ta rasu, wai malama ta ce kowa ya kawo hoton mamacinsa za a jera a kan teburi da kyandir da furanni masu ruwan goro da burodi, kamar yadda ake yi a Meksiko a ranar tunawa da matattu. Na san malamar ba da mugun nufi ta yi ba, kuma na san abin yana da daraja a wurin masu shi. Amma mu Musulmi addu'a da sadaka muke yi wa mamatanmu, ba ma kunna musu kyandir. Ban ba ta hoton ba, yarinya ta kwana tana kuka don ita kaɗai za ta je hannu rabbana. Idan biki na 'yan kwanaki ya kawo wannan, ina dalilin da zai sa in yarda a shimfiɗa shi shekara guda cur? Ina son waɗanda suka san dokar makaranta su amsa mini wannan kafin in ba kowa shawarar sa hannu.

Malama 'Yar Maraɗi, Los Angeles

Baba, barkanku da warhaka, Allah ya ƙara girma, ya ji ƙan Hajiya. Damuwarku tana kan hanya, kuma ni da nake koyarwa a firamare na ga irin abin da kuka faɗa. Dokar ƙasar nan tana tare da ku a kan wannan batu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Schempp aka bambanta koyar da yara game da addini, wanda ya halatta a makarantar gwamnati, da sa su yin wani aikin ibada, wanda bai halatta ba. Malama tana iya bayyana wa yara yadda mutanen Meksiko ke tuna mamatansu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, da yadda al'adar ta haɗa gadon mutanen asali da na Katolika, amma iyaye suna da damar rubuta wa shugabar makaranta su nemi a ba ɗansu wani aiki dabam, misali ya rubuta tarihin kakarsa da abin da ta koya masa. Ina ba da shawara a sa wannan sharaɗi a cikin takardar tun yanzu, kuma na tabbata za ku sami masu mara muku baya a cikin su kansu 'yan Latino, domin akwai mabiya majami'un Furotesta da yawa a cikinsu waɗanda su ma ba sa wannan biki.

Ku lura kuma, Baba, cewa abin da ya ɓata muku rai ya fito ne daga salon bikin wata guda, inda malami ba shi da abin yi sai ado da abinci da kwaikwayon al'ada. Abin da iyayen nan ke nema shi ne karatu: taswira, takardun kotu, tarihin ma'aikatan gona, rubutun marubutansu. Malamin da aka horar a kan haka ya fi wanda ba a horar ba sanin inda zai tsaya.

Yaya Maman Hafsat, rigimar da kika ji labari ta faru ne a Arizona. Hukumar makarantun Tucson ta fara darussan nazarin 'yan Amurka 'yan asalin Meksiko a 1998. A 2010 majalisar jihar ta yi doka da ta hana darussan da aka ce suna cusa ƙin wata ƙabila ko an shirya su don ƙabila ɗaya, a Janairun 2012 aka rufe shirin, aka kwashe littattafai daga azuzuwa. Iyaye da ɗalibai suka kai ƙara, a 2017 alƙalin tarayya A. Wallace Tashima ya yanke hukunci cewa ƙiyayyar launin fata da neman ribar siyasa ne suka sa aka yi dokar aka kuma zartar da ita. Kafin nan, binciken da Nolan Cabrera na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna ɗaliban da suka yi darussan sun fi takwarorinsu yiwuwar cin jarrabawar jiha da kammala sakandare. A San Francisco ma, Thomas Dee da Emily Penner na Jami'ar Stanford sun bi sawun ɗaliban aji tara masu raunin maki da aka sa a darasin nazarin ƙabilu, suka ga zuwansu makaranta ya ƙaru da maki 21 cikin 100, sakamakonsu ya tashi sosai, har a lissafi da kimiyya. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tsaya gaban allo: yaron da ya ji makaranta ta san da zamansa yana zuwa, wanda yake zuwa kuma shi ke koyon lissafi. Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin tabbaci ga kowace makaranta, domin waɗancan darussa an tsara su da kyau, malamansu zaɓaɓɓu ne, kuma an auna amfanin ne a kan yara masu rauni. A nan Kalifoniya ma daftarin farko na manhajar jiha ya sha suka a 2019, sai da aka sake rubuta shi kafin a amince da shi a 2021. Don haka ku nemi ganin jerin littattafan da za a saya kafin a kashe kuɗi.

Sai maganar Hausa, wadda ni ma take ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wata dama da yaro mai wani harshe yake da ita a makarantun ƙasar nan, yawancinta waɗannan mutane ne suka yi gwagwarmayar samo ta. A Maris na 1968 dubban ɗalibai a gabashin wannan birni suka fice daga azuzuwa, da goyon bayan malaminsu Sal Castro, suna neman a daina hukunta masu yin Sifaniyanci kuma a koyar da tarihinsu. A shekarar ce aka yi dokar tarayya ta koyarwa da harshe biyu. A birninku na Niyu Yok, ƙarar da ƙungiyar ASPIRA ta 'yan Puerto Rico ta shigar ita ta kai ga yarjejeniyar 1974 wadda ta wajabta wa hukumar ilimi koyar da yara masu jin Sifaniyanci da ba su ƙware a Turanci ba da harshen da suke ji. Haka nan hatimin ƙwarewa a harshe biyu da ake bugawa a takardar kammala sakandare, wanda Kalifoniya ta fara ba da shi a 2012, jihar Niyu Yok ma tana da shi, kuma ba a taƙaita shi ga Sifaniyanci ba. Ku tambayi makaranta hanyar da ɗalibi zai bi ya same shi da Hausa. Ku kuma riƙa rubuta Hausa a takardar da ake tambayar harshen gida ranar shigar da yaro, domin da yawanmu Turanci ko Faransanci muke rubutawa, sai hukuma ta ƙirga ta ga kamar babu mu. Idan kun tsaya musu yau, ranar da kuka kawo taku takardar kuna da waɗanda za ku ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Ɗan Zazzau

Gaisuwa ga Baba da sauran 'yan'uwa. Ni a gida nake, ban san makarantun Amurka ba sai a karatu, amma akwai abin da nake son ƙarawa a kan zancen Maman Hafsat cewa ba a taɓa ambaton ƙasarmu a aji ba. Idan aka koyar da tarihin Latin Amurka yadda ya kamata, dole a ambace mu, domin muna cikinsa.

Daga cikin 'yan Afirka fiye da miliyan 10 da suka tsira da rai aka sauke su a nahiyoyin Amurka a zamanin cinikin bayi, waɗanda aka kai kai tsaye yankin da ya zama ƙasar Amurka ba su kai dubu 400 ba. Burazil kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 4. Ita Burazil da harshen Fotugal take magana, shi ya sa ake lissafa ta cikin Latino amma ba cikin Hisfanik ba, kuma ya kamata takardarku ta fayyace cewa da ita ake nufi. Bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, an kama mutane da yawa daga kowane ɓangare, aka gangara da su kudu zuwa bakin teku, jiragen ruwa suka kai su yankin Bahia na ƙasar Burazil. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a Salvador, babban birnin Bahia, a 1807, da su aka yi na 1809 da na 1814. A daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador sanye da fararen riguna, kuma bayan an murƙushe su 'yan sanda sun sami layu da takardun ayoyi da rubutun Larabci a jikinsu da ɗakunansu, har da allunan karatu. Wasu daga cikin waɗanda suka dawo bayan haka su ne kakannin Tabom na Akara da Aguda na Legas. Baba, ku da kuka fito daga Gana kun fi ni sanin Tabom.

A ƙasashen Sifaniyanci ma haka abin yake. Akwai Gaspar Yanga, wanda ya jagoranci bayin da suka gudu suka kafa garinsu a Veracruz ta Meksiko, akwai garin San Basilio de Palenque a Kolombiya, kuma Meksiko ta haramta bauta a 1829 a zamanin shugaba Vicente Guerrero, tun kafin Amurka ta yi. Abin da nake jin tsoro shi ne a koyar da tarihin Latino a bar baƙaƙen cikinsu da mutanen asali a baya, domin su ma suna da nasu bambancin launin fata a tsakaninsu. Ita Burazil sai da ta yi doka a 2003 ta tilasta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen ƙasar a makarantu. Don haka ina ganin wannan shi ne abin da iyayen Afirka za su ƙara a takardar da bakinsu.

Ga ƙananan yara kuwa, a fara musu daga tukunya. Masara daga kudancin Meksiko aka fara nomanta, rogo da gyaɗa daga Kudancin Amurka suka zo mana, haka tumatir da barkono da dankali. Dalar gyaɗar Kano da ƙuli-ƙuli da tuwon masara duk suna da tushe a gonakin kakannin abokan 'ya'yanki.

Maman Hafsat, Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na ji gargaɗinku, kuma zan nemi a rubuta sharaɗin da Malama ta kawo kafin in sa hannu, tare da batun baƙaƙen Latin Amurka da Malam na Zazzau ya tayar. Saura tambaya ɗaya ga Malamin Tarihi. A cikin takardar an ambaci korar mutane zuwa Meksiko da aka yi a da. 'Yata tana aji biyar, kuma a ajinsu akwai yaran da ke kwana da fargabar a kama iyayensu. Irin wannan labari bai yi wa masu shekara goma nauyi ba?

Malamin Tarihi, Houston

Tambaya ce mai kyau, kuma ya danganta da yadda malami ya ɗauko shi. Abin da ake nufi shi ne abin da ya faru a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, sa'ad da hukumomin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi suka kori ko suka matsa wa dubban ɗaruruwan mutane 'yan asalin Meksiko su bar ƙasar, bisa zargin sun tare wa wasu guraben aiki. Da yawa daga cikinsu yara ne da aka haifa a Amurka, wato 'yan ƙasa ne cikakku. A Fabrairun 1931 jami'ai sun rufe dandalin La Placita na Los Angeles da rana tsaka suna tambayar kowa takardunsa, daga wannan birni kuma aka riƙa cika jiragen ƙasa da iyalai zuwa kan iyaka. Jihar Kalifoniya ta yi dokar neman gafara a kan wannan a 2005.

Game da shekaru, 'yan aji biyar ne na wata firamare a garin Bell Gardens suka yi nazarin wannan labari, suka ga babu shi a littafinsu, suka kai kuka ga 'yar majalisar yankinsu, har aka yi doka a Kalifoniya a 2015 da ke ƙarfafa sa shi a manhaja. Saboda haka tsaran 'yarki suna iya ɗauka. Abin da nake yi a ajina shi ne in sanar da iyaye mako guda kafin darasin, in gaya wa mai ba ɗalibai shawara ya zauna kusa, kuma ba na tambayar kowane yaro inda aka haife shi ko matsayin takardun iyayensa. Ina kuma haɗa darasin da hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler, wadda ta taso daga nan Teksas, inda aka tabbatar cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama. Ki nemi a rubuta waɗannan matakai a cikin shirin horon malaman, kuma ki tambayi shugabar makaranta a wane zangon karatu za a sa darasin domin ki riga shi yin magana da 'yarki a gida.